Amsa: kalmar Turanci da ta dace da tsofaffi a rubutun hukuma

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka tambaya wace kalma ya kamata ka sa a rahoton da kake rubutawa da Turanci, tunda an ce maka "old people" tana da kaushi. Wanda ya gaya maka bai yi kuskure ba. Abin da ya fi karɓuwa yanzu shi ne "older adults" ko "older people", domin abin da suke nunawa kawai shi ne mutum ya girmi wasu, ba su jingina masa rauni ko gajiyawa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma "older persons" take rubutawa, kamar a sunan ranar tsofaffi ta duniya, 1 ga Oktoba, wadda ta ware tun 1990.

"The elderly" ita ce ke yaudarar yawancinmu, don a kunnenmu kamar girmamawa ce, alhali littafin ƙa'idojin rubutu na APA, wato ƙungiyar masana ilimin halayyar ɗan Adam ta Amurka, bugu na bakwai, ya ce a kauce mata, haka ma "the aged" da "seniors". "Senior citizens" tana nan a takardun gwamnati, amma ni ba na sa ta a rahoton bincike.

Kada kuma ka ɗauki "elders" a matsayin madadi, domin ita daidai take da dattawan gari masu faɗa a ji, ba kowane mai furfura da ke layin asibiti ba. In kana da alƙaluma a hannu, ka ambaci shekarun kai tsaye, misali "adults aged 65 and over".