Me ya sa fastana ke cunkushewa?

Malam, ka ce ka iya Canva, manhajar tsara zane da fastocin talla, amma fastocinka kullum a cunkushe suke. Gyaran yana wajen idonka, manhajar ba ta da laifi.

Nemo taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da Harry Beck ya zana, wadda aka fitar a 1933. Ya watsar da ainihin nisan tashoshi, ya bar miƙaƙƙun layuka, kowanne da launinsa, domin fasinja inda zai sauka kawai yake nema. Kai ma tambayi kanka: me mai kallo zai fara karantawa? Shi za ka ƙara wa girma, sauran su ƙanƙance.

Kuskuren da na fi gani shi ne salon rubutu biyar a fasta ɗaya. Biyu sun isa. In za ka buga da yawa, fara zuwa wurin mai injin bugawa ya fitar maka da guda ɗaya, don launin da kake gani a fuskar waya daban yake fita a takarda.