Rufin Asiri da Tukuici: Amsar Tambayoyinku na Sallah

Wani malamin firamare daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ya aiko da tambaya. Ya ce duk shekara idan ya tambayi mahaifinsa yadda Sallah ta same su, amsar ba ta canzawa: "Alhamdu lillahi, akwai rufin asiri." Yana son sanin wane asiri ne ake rufewa, alhali gidansu babu wani abin ɓoyo.

Malam, kalmar asiri daga Larabci muka aro ta, wato as-sirr, abin da ba a bayyanawa. Amma asirin da Baba yake nufi ba laifi ba ne, ba kuma asirin boka ba. Halin da cikin gida yake ciki ne. Ka duba magidanci a tsakiyar damina, wajen watan Agusta, lokacin da geron bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana bai nuna ba. Idan uwargida ta ɗebo dami ta sussuka, hayaƙi ya tashi a madafa, yara suka kwana da tuwo a ciki, ba tare da maigida ya je ƙofar wani neman rancen tiya ɗaya ba, to asirinsa ya rufu. Maƙwabci bai san ko dami goma ya rage ko biyu ba. Ranar da ya fita roƙo, ranar ake cewa asirinsa ya tonu.

Mai rufin asiri ba lallai ne ya zama attajiri ba, kuma a nan ne nake ganin zurfin maganar. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito, mai ma'anar cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Wannan shi ne mahaifinka yake faɗa maka da kalmomi biyu. Zakkar fidda kai ma aikinta ke nan: mudun Annabi huɗu na hatsi a kan kowane mutum na gida, a bayar kafin a yi sallar Idi, domin kada talaka ya yi yawon bara ranar Sallah. Rufa wa ɗan'uwa asiri ce aka mayar wajibi.

Tunda mun zo nan, bari in taɓo arziki da albarka, domin mutane suna haɗa su. Arziki daga ar-rizƙ yake, duk abin da Allah ya ba bawa ya amfana da shi. Yau an fi jingina shi da dukiya, amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, shi ya sa ake ce wa yaro mai ladabi ɗan arziki ko da bai mallaki anini ba. Albarka kuwa daga al-baraka, ita ce kaɗan ya wadatar. Uwa ba ta cewa Allah ya ba ka kuɗi idan ka kai mata atamfar Sallah. Cewa take yi Allah ya yi maka albarka, kuma ta san abin da ta zaɓa.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a yankin Ɗambatta, amarya, wadda wannan ce Sallarta ta farko a gidan miji. An aiko mata da abinci daga gidan surukai, ta ce a gaida su Inna, ta gode, ta mayar da kwano. Daga baya uwar mijinta ta ce mata cikin raha, "Yaba kyauta tukuici." Ta tambaya ko godiyar baki ba ta isa ba ne.

'Yar'uwa, Inna ba kuɗin abincinta take nema ba. Tukuici ɗan abin da ake ba wanda aka aiko ne, ba wanda ya yi aiken ba. Ki tuna yarinyar da ta shigo miki: sabon ɗinki, lalle a hannu, kwanon shinkafa a ka an rufe da faifai, tana tafiya a hankali don kada miya ta zube mata a zane. Ita ake ba tukuici, ko ɗan kuɗi ne, ko alewa, ko tsokar nama. Idan ta koma gida, abin da ke hannunta shi zai gaya wa Inna cewa kyautarta ta samu karɓuwa. Karin maganar yana koyar da cewa godiyar Bahaushe tana son a gan ta, ba a ji ta kaɗai ba. Ban yarda da masu cewa al'adar nauyi ce ba, domin ba a taɓa yanka mata farashi ba, gwargwadon hali ne. Sai dai a guji kishiyarta, wato raina abin da aka kawo. Hausawa sun tsananta a kan wannan har suka ce mai raina kaɗan ɓarawo ne, don wanda nasa bai ishe shi ba idonsa yana kan na wani.

Wani matashi ɗan ƙasar Gumel da ke neman kuɗi a Legas ya ce kuɗin mota ya yi masa yawa bana, zai tura wa iyayensa kuɗin rago ta waya, su saya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Amma an ce masa zumunci a ƙafa yake, abin ya tsaya masa a rai.

Ɗana, aikenka zumunci ne, kuma Allah ya karɓa. Waɗanda suka yi karin maganar sun san aike, sun san sallahu, duk da haka suka ambaci ƙafa. Dalili shi ne akwai abin da ba ya shiga waya: ka durƙusa ka gaida mahaifiyarka ta dafa kanka, ka zaga gidan goggo da na kawu da rabonsu na nama, ka zauna a zaure a ci tuwo kwano ɗaya da ƙannenka. A can ne za ka ga ko idon Baba ya fara rauni, abin da ba zai taɓa gaya maka ba idan ka kira, domin amsarsa kullum "sai godiya". In bana bai yiwu ba, kada ka ci bashi don ka zo. Ka kira su da safe kafin a tafi Idi, ka sa a miƙa wayar ga tsofaffin gidan ɗaya bayan ɗaya, sannan ka sa ranar zuwa da kaka, ka kuma cika.

Sai wata ɗaliba daga Haɗejiya da ta tambayi ko ana cewa barka da shan ruwa a Babbar Sallah. A'a. Wannan gaisuwar ta azumi ce, ana yin ta bayan buɗa baki da kuma ranakun Ƙaramar Sallah. A Babbar Sallah barka da Sallah ake cewa, a ƙara da Allah ya maimaita mana.