Kwangilar farashin gaba: kariya ce ko caca?

Malam, ka tambaya ko kwangilolin da ake ɗaure farashi yau a biya nan gaba suna da amfani a kasuwar jari ta Najeriya, ko caca ce kawai.

Suna da amfani, babbansa kuwa kariya daga tashin dala. Ka ɗauki ɗan kasuwar Kano da ya yi odar injina daga Sin, zai biya bayan wata shida. Idan ya ɗaure farashin dala tun yau, ko naira ta faɗi ribarsa ba ta narke ba. A Yunin 2016, da Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yanke farashinta, dala ta tashi daga kusan naira 197 zuwa wajen 280 cikin kwana ɗaya. A watan ne bankin da kasuwar FMDQ, inda ake cinikin kuɗaɗen waje da takardun bashi, suka fara irin wannan kwangila. Ba a miƙa dala, bambancin farashin ake biya da naira. Wannan ya kwantar wa masu zuba jari daga waje hankali.

A 2022 kasuwar hannun jari ta NGX ta kawo tata a kan ma'aunin NGX 30, wato ma'aunin farashin hannun jarin manyan kamfanoni 30, sai dai cinikinta bai yi kauri ba.

Haɗarin yana kan wanda ba shi da kayan da zai kare, ya shiga don ribar gaggawa. Ajiya kaɗan yake bayarwa, asarar kuwa tana iya cinye ta har a bi shi bashi. Wannan ne ke damuna ga matasanmu. Malamai da dama ma sun hana irin wannan kwangila saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, sun halatta cinikin salam, inda ake biyan kuɗi gaba ɗaya tun farko, a karɓi kaya daga baya.