Ga mai tambayar yadda ake sa manhaja a Linux Mint

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ɗora Linux Mint a tsohuwar laftof ɗinka saboda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun watan Oktoba na 2025, sai ka sauko da VLC daga intanet, ka danna ka danna ya ƙi buɗewa, kana tambaya ko kwamfutar ce ta samu matsala. Lafiyarta ƙalau. Fayil ɗin da ka sauko da shi mai ƙarewa da .exe ne, kuma wannan na Windows ne, Linux ba ta san shi ba.

Abin da nake fara gaya wa duk wanda na ɗora wa Linux shi ne ya bar ɗabi'ar yawon shafuka neman manhaja. A nan rumbu ake da shi, wanda masu tsarin suka tara dubban manhajoji a ciki, suka gwada su, suka sa musu hatimi. Mint daga Ubuntu ta fito, Ubuntu kuma daga Debian wadda Ian Murdock ya fara a 1993, shi ya sa dukkansu manhaja ɗaya ce ke kula da rumbunsu, sunanta apt.

Danna Ctrl da Alt da T, baƙin allo zai buɗe. Rubuta sudo apt update. Kalmar sudo ita ke ba umarni ikon mai kula da kwamfutar, don haka zai nemi kalmar sirrinka, kuma kana bugawa ba za ka ga haruffan ba, sai taurari.  Ka buga kawai ka danna Enter. Wannan umarnin ba ya sabunta ko manhaja ɗaya, jerin abin da ke rumbun kawai yake ɗaukowa, kamar mai shago ya buga waya Kantin Kwari ya ji kayan da suka shigo da farashinsu kafin ya aika yaro. Wanda ke sabunta manhajojin shi ne sudo apt upgrade.

Yanzu rubuta sudo apt install vlc. Ka tsaya ka karanta abin da zai nuna, kada ka yi saurin amincewa. Zai jero wasu ƙananan manhajoji da VLC ba ya aiki sai da su, ya faɗa maka megabait nawa zai sauko da su, sannan ya tambaye ka ko ya ci gaba. Wannan ne babban amfaninsa: shi ke lissafin wa ke buƙatar wa. Idan ka gaji da manhaja, sudo apt remove da sunanta.

In baƙin allon bai kwanta maka ba, Software Manager na yin wannan aikin da linzami. Sai dai ka lura, wasu manhajojin a ciki na Flatpak ne, wata hanyar sa manhaja daban da apt, kuma karon farko sukan jawo ɗaruruwan megabait saboda da kayan aikinsu suke tafe. Ga mu masu sayen data da kuɗin aljihu, na rumbun tsarin ya fi sauƙi ko da ya ɗan tsufa.

Idan kwamfutar ta mutu ana tsakiyar sabuntawa, wuta ta ɗauke ga batiri ya ƙare, apt zai iya ƙin aiki. Rubuta sudo dpkg --configure -a, da ƙananan haruffa, sannan sudo apt --fix-broken install. Galibi su ke gyarawa. Ka kuma kunna Timeshift tun yau, yana ajiye hoton tsarin yadda za ka koma baya idan abu ya ɓaci. Kada ka kwafo umarni mai sudo daga bidiyo ka liƙa alhali ba ka san aikinsa ba, kawo shi nan mu duba.

Ba ka faɗi aikin da kake yi da laftof ɗin ba. Rubutu da lissafi LibreOffice ya ishe ka, yana ciki tun farko, ko da yake wani lokaci yakan ɗan karkatar da tsarin takardar Word. Amma in da CorelDraw kake cin abinci, ba shi da na Linux, kuma Inkscape, mai irin aikinsa a Linux, sai ka zauna ka koye shi. Faɗa mana aikin da girman RAM ɗinta.