Yaro ya tambaya ko Allah yana gani

'Yar'uwa, kin ce yaranki suna jin labaran kashe-kashe a rediyo da waya, har ƙaramin ya tambaye ki ko Allah yana gani kuwa, kika rasa amsa.

Kada ki tsawata masa. Annabi Habakuk ma da irin wannan kukan ya buɗe littafinsa, yana tambayar Ubangiji har yaushe zai yi ta kira saboda zalunci. Ki jawo yaron jikinki, ki fara tambayarsa abin da ya ji, don sau da yawa abin da yaro ya ƙulla a ransa ya fi labarin muni. Sai ki faɗa masa gaskiya daidai shekarunsa: i, Allah yana gani, kuma mugunta tana ɓata masa rai.

A addu'ar dare kowa ya ambaci wanda zai roƙa wa: marayu, waɗanda suka bar gidajensu, har da shugabanni, kamar yadda Bulus ya gargaɗi Timoti a 1 Timoti 2:1-2. Ku karanta Zabura 46 tare.

Bidiyon gawarwaki kuwa, don Allah kada a kunna a gabansu. A ganina ko babba bai kamata ya kalla ba.