Amsoshin Wasiƙun Manoma: Tsuntsaye da Ƙananan Dabbobin Lambun Bayan Gida

Yawancin wasiƙun wannan mako daga masu ƙananan lambuna ne a cikin Jos da kewaye, kuma kusan dukansu tambaya ɗaya suke yi: wane magani zan saya in kashe abin da na gani?

Wani malamin makaranta daga Rikkos ya ce wasu ƙananan tsuntsaye jajaye suna sauka tsakanin kunyoyin latas da karas ɗinsa kowace safiya, maƙwabcinsa kuma ya ce masa jan baki ne, ya cuɗa gero da guba ya barbaɗa musu.

Malam, maƙwabcinka bai taɓa ganin jan baki ba. Jan baki tsuntsun fadamun shinkafa da alkama da gonakin gero ne a irin su Borno, Yobe, Jigawa da Kebbi, kuma ba ya zuwa biyar-biyar. Idan ya taso sai ka ɗauka hadari ne ya haɗo. Gobe bayan asuba ka ɗauki kujera ka zauna nesa kaɗan, ka duba inda bakinsu yake sauka. Za ka ga ƙasa suke tsattsaga suna tsintar 'ya'yan ciyawa, wato irin ciyawar da za ka sha wahalar cirewa nan gaba. Mu mutanen Jos ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan a nan, domin a dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis take aiki tare da Jami'ar Jos, an ƙirga nau'in tsuntsaye kimanin 300, har da wani ɗan ja mai zama cikin duwatsu wanda sai a 1998 masana suka tantance cewa nau'i ne mai zaman kansa. Geron guba ba ya tambayar suna, kuma kajinka ne za su fara kalace shi.

Wata uwargida daga Bukuru ta koka cewa da rani tsuntsaye suna huda mata tumatir da zarar ya fara ja, su bar shi ya ruɓe a jikin uwa.

Hajiya, sau da yawa ƙishirwa ce take kawo su, domin idan iskar hunturu ta busar da ko'ina, nunannen tumatir shi ne rijiyar da ta rage musu. Ki ajiye ruwa a faffaɗan kasko marar zurfi can gefe da lambun, ki riƙa sauya shi duk bayan kwana biyu don kada sauro ya hayayyafa, sannan ki riƙa tsinke tumatir ɗin da zarar ya fara sauya launi, ya ƙarasa nuna a inuwa.

Mai tambaya ko hawainiya tana da dafi: ba ta da shi, ƙwari take ci, a bar ta a kan reshenta.

Sai wasiƙar wani dattijo daga Naraguta, wadda irinta nake samu kusan kowane wata har ta fara gundurata. Ɓeraye sun addabe shi a rumbun masara da kunyoyin dankali, yana zuba gubar ɓera wata da watanni abin sai ƙaruwa yake, ga kuma wata mujiya da ta tare a rufin tsohon ɗakin ajiyarsa, wadda iyalinsa suka matsa a kashe ta saboda kukanta.

Baba, da girmanka, amma kana shirin korar mai gadin da bai taɓa tambayarka albashi ba. Kafin ka ɗauki gwafa, shiga ɗakin nan da rana ka duba ƙasa daidai inda take zama. Za ka tarar da wasu baƙaƙen dunƙule kamar babban yatsa, waɗanda ba kashi ba ne, gashi da ƙasusuwan abin da ta haɗiye ne take amayarwa. Fasa guda da tsinke. Ni na sha yin haka a gaban manoma, kuma da zarar ɗan muƙamuƙin ɓera ya bayyana da haƙoransa na gaba masu ruwan ɗorawa, gardama ta ƙare. Farar mujiya tana cin ɓera kowane dare, idan kuwa tana da 'ya'ya sai farautar ta ninka, shi ya sa a Malesiya masu gonakin kwakwar manja suke kafa mata akwatuna a kan dogayen sanduna don ta zauna.

Ita kuwa gubar da kake kashe wa kuɗi, da yawa daga cikin wadda ake sayarwa mai hana jini daskarewa ce, ba ta kashewa nan take. Ɓeran yakan yi kwanaki yana yawo a galabaice, kuma irin wannan ne mujiya da shirwa da kyanwa suke fara kamawa, gubar ta taru a jikinsu har ta kashe su. Ɓera yana haihuwa sau da yawa a shekara, mujiya kuwa kafin ta maye gurbin wadda ta mutu an daɗe, saboda haka ana maganin kaba kai yana kumbura. Ba wai ina raina ɓarnar ɓera ba ne: Jos tana cikin wuraren farko da aka ga zazzaɓin Lassa a 1969 da 1970, kuma ɓera ne yake yaɗa shi. Amma hanyar ita ce ka zuba masara a durom mai murfi, ka sassabe ciyawar da ke jikin katanga, ka toshe ramuka, ka jera tarko a bin bango inda suke wucewa, wanda ya mutu kuma kada a taɓa shi da hannu. Maganar cewa kukanta yana jawo mutuwa kuwa, camfi ne. Idan ƙarar ce ta dami yara, ka bari 'ya'yanta su tashi, sannan ka kafa mata akwatin katako a bishiya mai inuwa a ƙarshen gona, sama da ƙasa kamar mita 4, kafin ka toshe rufin.

Wani matashi mai noman kabeji a bakin tsohon kududdufin kuza ya ce kwaɗi sun cika masa lambu, yana tambayar abin da zai fesa musu. Ɗana, babu abin da za ka fesa, domin da dare suke fitowa su ci tsutsa da ƙwari, kuma fatarsu tana shan magani da sauri. Idan ka wayi gari ka ga sun ɓace bayan ka yi wa kabeji feshin maganin ƙwari, to wataƙila ka zarce ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalbar, sai ka koma ka karanta shi.