Amsa: Kwamfutar shago mai Windows 7

Malam, ka ce kwamfutar shagonka a Gusau Windows 7 gare ta, tana aiki lafiya, me zai sa ka canza? Ai aiki daban, tsaro daban. Microsoft ta daina toshe ɓarakar Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025. Duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano yanzu, a buɗe take. Filashin masu zuwa buga takardu ma hanyar shigowar cutar kwamfuta ce. Wata cutar takan kulle fayilolinka sai ka biya.

Fara kwafe lissafinka a wani faifai, ka zare shi ka adana. Sannan ka canza. Windows 11 sai da RAM (ma'ajiyar aiki ta kwamfuta) 4GB da TPM 2.0 (wani sashen tsaro a cikin kwamfuta), in injin bai kai ba, sa Linux Mint, wata manhaja mai maye gurbin Windows, kyauta ce. Kafin nan, kada ka buɗe asusun banki da kwamfutar.